Tafiyar Yunwa

A garin Gorlice, duk yaron da ya ɗaura ƙyallen 'yan sikawut a wuyansa yakan ji labarin Tafiyar Yunwa tun kafin ya iya kafa tanti. Manyan yara kaɗai ake bari su yi ta, sau ɗaya tak, a ƙarshen zaman sansani na dogon hutu. Za a ba su wuƙa da gatari da tukunya da gishiri da ashana da taswira, a raka su bakin daji, a juya a bar su. Ba abinci, ba waya, ba babba ko ɗaya. Bayan kwana uku su fito ta wancan gefen duwatsun da ƙafafunsu.

Tymon Bielak bai kai shekara goma ba ya fara mafarkinta. Yayansa Radek ne ya sa masa wannan ciwo. Ɗaki guda suke kwana, Radek a gadon sama, shi a na ƙasa, kuma tun da Radek ya yi tasa tafiyar ya dawo, Tymon bai bar shi ya huta ba.

"Yaya, sake ba ni labarin kifin nan."

"Kai, ba ka gajiya? Jiya ma na ba ka."

"Ai jiya ba ka ƙarasa ba."

Sai Radek ya leƙo da kai ya sake farowa: yadda yunwa ta murɗe musu ciki, yadda suka yanko rassan bakin rafi suka saƙa tarko da hannunsu, yadda da safe suka ɗago shi yana motsi da kifi. Babansu direban babbar mota ne a Jamus, sai a yi wata biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Don haka duk abin da Tymon ya sani game da zama namiji, daga bakin Radek ya ji shi, sai kuma daga Kwamanda Marian.

Marian Kudla shi ne shugaban ƙungiyar tun kafin a haifi yaran. Tsohon malamin makaranta ne, ƙato, mai farin gashin baki da gwiwa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa sosai. Bai taɓa yi wa yaro tsawa ba. In ka yi masa ƙarya, sai kawai ya zuba maka ido har ka ji ina ma ƙasa ta tsage. Yana da wata magana da yake yawan yi: "Mutum zai yi maka ƙarya, amma daji ba ya yi. Abin da ka iya shi za ka ci."

Shekarar da Tymon ya cika sha biyar, aka naɗa shi shugaban rukuninsu na yara shida, kuma layi ya zo kansu. Sai mahaifiyarsa Halina ta tubure. Ma'aikaciyar jinya ce, ta ga abin da ta gani a asibiti.

"Ba inda za ka. Na sha fargabar Radek, ba zan sake ba."

"Mama, ai Radek ya dawo lafiya!"

"Sa'a ya yi. Ba a gwada sa'a sau biyu."

Kwamanda Marian da kansa ya hawo benensu, yana jan ƙafa a matakala. Suka shiga kicin shi da ita, suka ja ƙofa. Tymon ya kasa kunne bai ji komai ba sai ƙarar cokali a kofin shayi. Da suka fito, Halina ta ce, "To, ka je." Ranar Tymon ji ya yi kamar ya goya tsohon ya sauka da shi. A ransa ya ɗauka Kwamanda ya gaya mata ne cewa ɗanta ya girma.

Duk lokacin sanyin nan bai zauna ba. Ya tara yaransa a bayan makaranta suna koyon hura wuta da jiƙaƙƙen icce. Ya haddace naman kazan da ake ci da wanda ke kisa. Ya saƙa tarkon kifi ya warware, ya sake saƙawa, har yatsunsa suka yi kanta. Borys, amininsa tun suna 'yan ƙanana, ba ya rasa abin tsokana.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Daji, a yi mana afuwa mu je mu ci abinci. Yunwar ai tana nan tafe, ba sai mun tare ta a hanya ba."

Ƙaraminsu shi ne Felek, siriri mai tabarau, wanda 'yan ajinsu suka mai da abin dariya saboda ko ƙwallo ba ya iya tarewa. Amma hannunsa na da kyau a saƙa. Tymon ya lura da haka, ya ce shi ne zai zama mai tarkon rukuni. Daga ranar Felek ya fara tafiya yana ɗaga kai.

Ranar fita ta zo da rana mai kyau. Duk sansani ya rako su, ƙananan yara suna kallonsu baki sake. Radek yana wurin, don yanzu ɗalibi ne a birnin Krakow, yakan zo taimaka wa Kwamanda lokacin hutu. Ya damƙi wuyan ƙaninsa ya girgiza.

"Kada ka ba ni kunya, ɗan ƙwai."

Kwamanda ya miƙa wa Tymon taswira da ƙaramin akwatin magani. Ya ce, "Wannan akwatin kada ya bar jakarka ko da za ka shiga bayan bishiya. Sauran kuwa, tsakaninku da daji."

Yinin farko ya ba su wuya yadda suke so. Suka hau tudu suka sauka, suka ratsa kufan wani ƙauye da mutanensa suka daɗe da tashi, ba abin da ya rage sai tubalin rijiya da bishiyoyin tuffa da suka koma na daji. Suka ci ɗanyen tuffa har haƙoransu suka mutu. Da la'asar suka isa rafin da taswira ta nuna. Felek ya zauna ya saƙa tarko, sauran suna miƙo masa rassa, suka nutsa shi tsakanin duwatsu biyu. Can hadari ya taso. Suna ta rarraba ido, sai Borys ya hango wata bukkar masu saran itace a cikin kurmi. A ciki suka tarar da tsohon tamfol a naɗe, da busasshen icce a jere a lungu.

"Kun gani?" in ji Tymon. "Wanda ya buɗe ido, daji ba ya hana shi."

Da gari ya waye suka ruga rafi. Felek ya shiga ruwa har gwiwa ya ɗago tarkon, sai ga shi yana karkarwa da kifi, manya, masu ɗigo-ɗigo a baya. Ihun da suka yi har tsuntsaye suka tashi. Suka ɗaga Felek sama, tabaransa ya faɗa ruwa, suka lalubo. Borys ya fasa cikin kifin, suka gasa a kan garwashi da gishiri kawai. Tymon bai taɓa cin abin da ya kai wannan daɗi ba. Yana ci yana tsara yadda zai ba babansa labari, daga ina zai fara, ina zai dakata don a tambaye shi.

Yini na biyu suka tsallaka dutsen, suka sauka wani kwari, suka sake nutsa tarkon a wani rafi. Washegari Tymon ya riga kowa tashi. So yake ya gani da idonsa yadda kifi ke shiga, don in yana ba da labari ya zamana yana da abin da ko Radek ba shi da shi. Ya lallaɓa ya bar su suna barci, ya bi ta cikin ciyawa mai raɓa. Gari ya yi haske, hazo na kwance a kan ruwa.

Tun kafin ya isa ya ji muryar mutum.

"A hankali, kai! Za ka zubar."

Ya tsaya bayan wata bishiya. Kwamanda Marian ne tsaye a tsakiyar rafin, sanye da dogon takalmin roba har cinya, ya sunkuya da ƙyar saboda gwiwarsa, hannunsa ɗaya riƙe da bakin tarkon Felek. A bakin ruwa kuwa wani ya tsugunna da shuɗin bokiti, yana kamo kifi mai rai yana miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Da mai bokitin ya ɗago kai, sai Tymon ya ga yayansa.

"Nawa za mu sa yau?" in ji Radek.

"Rage ɗaya kan na jiya. In ya yi yawa sai su fara tunani."

Tymon bai san lokacin da ya fito fili ba. Ya tsaya a gabansu. Radek ne ya fara ganinsa. Kifin da ke hannunsa ya suɓuce ya faɗa ruwa ya tafi abinsa.

Kwamanda ya miƙe a hankali, ya dubi yaron, ya sauke numfashi.

"Ka tashi da wuri, Tymon."

"Mene ne wannan?"

"Zo nan, ka rage murya. Kada ka tashe su."

"Na ce mene ne wannan?"

Tsohon ya tako zuwa gaɓa, ya zauna a kan dutse ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Ya ce rafukan nan sun daɗe ba su da kifin kirki. Ya ce a farkon shekarun da gaske ake yi, har wata shekara yara suka yi kwana biyu ba su samu komai ba, ɗaya ya yanke jiki ya faɗi a kan dutse ya fasa kai. Iyaye suka taso za su rufe ƙungiyar gaba ɗaya. "Sai na zauna na yi tunani. Ko in daina tafiyar, ko in taimaka wa daji kaɗan. Akwai mai kiwon kifi a ƙauyen da ke ƙasa, tsohon ɗalibina ne."

"Tamfol ɗin fa?"

Kwamanda ya mai da idonsa kan ruwa.

"Da iccen?"

"Ni na jera," in ji Radek, idonsa a ƙasa.

Tymon ya juya gare shi.  "Kai tun yaushe ka sani?"

"Shekara biyu bayan tawa. Ranar da aka ce in ɗauko bokiti."

"Kuma ka ci gaba da ba ni labarin? Ko lokacin Kirsimeti sai da ka ba ni!"

"Kai ne fa kake naci! Me kake so in ce maka? Kana kallona kamar na kashe zaki, in ce maka kifin kasuwa ne?"

"E! Haka za ka ce!"

"Ku yi a hankali," in ji Kwamanda. "Tymon, saurare ni. Tafiyar da ƙafarka ka yi ta. Dutsen nan ba ni na ɗauke ka na tsallakar ba. Wutar ku kuka hura."

"Yaya aka yi kuka san inda muka sa tarkon?"

Tsohon ya shafa gashin bakinsa. "Akwai 'yar na'ura a ƙasan akwatin maganin. Tana nuna mana inda kuke. Motarmu kuma tana bin hanyar masu itace, ba ta taɓa yin nisa da ku ba. Sharaɗin mahaifiyarka ke nan, kuma ban ga laifinta ba."

Wato har da Mama. Tymon ya tuna ƙofar kicin da ƙarar cokali, ya tuna yadda ya yi ta godiya. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunnuwa, kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

"Kai ne kake cewa daji ba ya ƙarya."

"Ai ba dajin ya yi ba," in ji Kwamanda a hankali. "Ni na yi." Sannan ya ce, "Abu ɗaya nake roƙonka. Ka ga Felek jiya? Yaron nan tunda aka haife shi ba a taɓa ɗaga shi sama ba. Ka bar masa abinsa. Yanzu ka shigo cikin manya, ka san abin da manya suka sani. Baɗi ma so nake ka zo ka taimaka mana, don ƙafar nan tawa ta kusa ajiye aiki."

Wannan ce ta fi yi wa Tymon zafi. Wato har an yi masa gurbi. Ya dubi bokitin, ya dubi yayansa, ya juya ya tafi. Radek ya kira sunansa ƙasa-ƙasa, bai waiga ba.

Ya koma ya kwanta a inda ya tashi, ya rufe ido. Yana ji yaran suka farka, suka ruga rafi, suka dawo da ihu. Felek ya zo ya tsaya a kansa, riga jiƙe, yana haki.

"Shugaba, tashi ka gani! Na gaya maka sirrin a bakin tarkon yake. Jiya na ƙara matse shi, ka ga aikin!"

"Na gani. Sannu."

Da aka gasa, ya ce cikinsa na ciwo. Ya zauna gefe yana kallonsu suna lasar yatsu. Ya yi niyyar yin shiru, da gaske ya yi niyya. Har rana ta take yana riƙe da maganar a ciki kamar wanda ya haɗiyi garwashi. Amma da suka tsaya hutawa a wata mararraba, sai yaran suka shiga tsara yadda za su ba da labari a sansani. Wani ya ce ai ko rukunin Radek ba su kama kamar nasu ba. Borys ya zunguri Tymon da gwiwar hannu.

"Sarkin Daji ya yi shiru. Ko kishin Felek kake yi ne, ya ƙwace maka sarauta?"

Tymon ya miƙe. Ya zazzage jakarsa, ya ciro akwatin magani, ya juye shi a ƙasa, ya sa wuƙa ya ɓalle gindinsa. Wata 'yar baƙar aba ta faɗo, ƙaramar fitila tana ƙyaftawa a jikinta.

"Ga sarautar nan. Ku kalla da kyau."

Ya gaya musu komai, bai rage ba: bokitin, tamfol, iccen, motar da ke binsu. Ya ɗauka za su yi tsalle su zagi Kwamanda, su ce a jefar da na'urar a rafi, a saki hanyar taswira a shiga dajin gaske. Abin da yake jira ke nan. Sai ya ga duk sun sunkuyar da kai.

Borys ne ya fara magana, yana tsinkar ciyawa. "Ni fa tun jiya na gane."

"Ka gane me?"

"Ni na fasa cikin kifin. Cike yake da irin abincin nan da ake watsa musu a gidan kiwo. Kawuna yana da irinsa buhu-buhu."

"Kuma ka yi shiru?"

"Yunwa nake ji, malam. Kuma kowa na murna. Mene ne ribar faɗa?"

"Ni ma ba za ka gaya mini ba? Ni?"

"Kai ne ma na ƙarshen wanda zan gaya wa. Ga shi kuwa ka nuna dalili."

Felek kuwa yana zaune a gefe. Ya cire tabaransa yana gogewa da gefen riga, ya mayar, ya sake cirewa. Can ya ce, "Amma tarkon yana da kyau, ko? Da akwai kifi a rafin, da ya kama."

"Ban sani ba, Felek. Ba wanda ya sani. Abin da nake faɗa ke nan."

Yaron ya kwance tarkon daga bayan jakarsa, ya ajiye shi a bakin hanya. Sai kuma ya fashe da kuka, irin kukan da ba a so a yi a gaban maza. "Me na yi maka? Me ya sa sai ka faɗa? Mugu kawai!"

"Ni ne mugun? Ba waɗanda suka mai da mu 'yan wasa ba?"

"Dalla rufe mana baki," in ji ɗaya daga cikin sauran. "Kai dai ba ka son ganin mutane cikin daɗi."

Tymon ya buɗe taswira ya nuna musu wani kwari a gabas, inda ba hanyar mota. Ya ce saura yini guda, su bar na'urar a nan su bi ta can, ko ba komai su samu yini ɗaya nasu na kansu. Ba wanda ya motsa. Borys ya ce ƙafarsa ta yi bororo. Wani ya ce shi dai gida yake so. Tymon ya daɗe yana kallon gabas. Shi kaɗai zai iya tafiya, ya san zai iya. Amma ya ɗaga hannu a gaban tuta ya yi alkawarin zai dawo da mutum biyar, kuma bai ga dalilin da zai sa shi ma ya zama mai saɓa magana ba. Ya tattara magungunan ya mayar, ya jefa na'urar a aljihu, ya shiga gaba. Haka suka bi hanyar da aka zana musu.

Da suka fito bakin daji, duk sansani na jiransu da tuta da waƙa. An dafa ƙatuwar tukunyar miya da dankali. Aka jera su shida, Kwamanda Marian ya bi layi yana maƙala wa kowa 'yar lambar ƙarfe a ƙirji. Da ya iso kan Tymon, yaron ya sa hannu ya rufe aljihun rigarsa.

"Ba na so."

Ya faɗa ne yadda su biyu kawai za su ji. Tsohon ya tsaya da lambar a hannu, ya zuba masa idon nan da kowa ke tsoro. Wannan karon Tymon bai sunkuyar da kai ba, kuma Kwamanda ne ya fara kau da ido. Tymon ya ciro na'urar ya sa masa a tafin hannu, a kan lambar. Tsohon ya dunƙule hannun ya wuce.

Bayan an ci abinci ƙananan yara suka kewaye su. Tymon yana gefe yana jira ya ji wanda zai fasa ƙwan. Sai ya ji muryar Borys: "Kifi kuwa, kun ga hannuna? Daga nan zuwa nan!" Sauran suka kama, kowa na ƙara nasa.  Da wani ɗan yaro ya tambayi Felek ko da gaske shi ya saƙa tarkon, sai ya gyara tabarau ya ce, "Sirrin a bakin tarkon yake," ya shiga nuna musu da yatsu. Ko sau ɗaya bai dubi inda Tymon yake ba.

A gida Halina ta dafa masa pierogi, 'yan ƙullin fulawa masu haɗi a ciki, abincin da ya fi so. Ya zauna ya ƙi taɓawa.

"Radek ya gaya mini," ta ce. "Kada ka tsaya jiran in ba ka haƙuri, don ba zan ba ka ba. Na sha wanke 'ya'yan mutane da aka kwaso daga dutse."

"Da sai ki hana ni. Da ya fi mini."

"Na hana ka, ka yi sati ba ka yi mini magana ba."

"Da kin gaya mini gaskiya."

"Da ka je?"

Tymon ya ture farantin gefe. Ana haka babansu ya bugo waya daga wani wurin ajiye motoci, muryarsa cike da fara'a. "Ina jarumin? An ce kun kwashe kifin rafi kaf! Ba ni labari." Tymon ya riƙe wayar ya rasa ta inda zai fara. Ya ce, "Lafiya muka dawo, Baba," ya miƙa wa mahaifiyarsa.

Da aka koma makaranta, taron 'yan sikawut ya ci gaba kowace Asabar, Tymon bai je ba. Aka ba Borys rukunin. A aji suna gaisawa, iyakarta ke nan. Wata Asabar da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa, ya buɗe ya ga Kwamanda Marian yana haki, hannu dafe da bango.

"Ba zan shiga ba. Magana ɗaya ce." Ya numfasa. "Na yi shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa samun yaron da ya shirya kamar kai ba. Na cuce ka, na sani. Ka dawo. Baɗi zan shirya maka ta gaske, kai da duk wanda ya yarda ya bi ka. Ba mota, ba komai. Ni zan shawo kan mahaifiyarka."

Tymon ya dube shi. Ya ga tsufan da bai taɓa lura da shi ba, ya ga gumin hawan bene a goshinsa. Zuciyarsa ta so ta karye, don har yanzu yana son mutumin, kuma abin da ya yi shekaru yana nema ne ake miƙo masa.

"In na je na samu abinci, Kwamanda, yaya zan san ni na samu?"

Tsohon ya buɗe baki. "Zan ba ka kalmata," ya fara cewa, sai ya ji abin da ya faɗa, ya yi shiru.  Daga baya ya gyaɗa kai, ya juya ya kama ƙarfen matakala, ya fara sauka da ƙafa ɗaya ɗaya. Tymon ya tsaya a ƙofa har ya ji an rufe ta ƙasa.

Bai koma ba. Ya ninke rigar sikawut ɗin da ƙyallen ya ba wani yaron maƙwabta da ke shirin shiga, bai gaya masa komai ba. Shi da mahaifiyarsa suka shirya kafin sanyi ya shigo, don ba a daɗe ana gaba da wadda ke tashinka da safe. Na Radek ne ya ja lokaci. In ya zo hutu sukan yi hirar ƙwallo da ta 'yan mata, su yi dariya ma. Amma ya fi shekara biyu duk abin da Radek ya faɗa, ko da cewa ya yi ana ruwa a Krakow, sai Tymon ya ji wani abu a ransa yana tambaya ko haka ne.